Mota Ɗaya, Ƙarfe Bakwai

A kamfanin motocin bas ɗin da take aiki babu mai kiranta da komai sai Mai Allo. Ofishinta ɗan tsukuku ne a saman bene, tagarsa tana kallon filin da ake jera motoci, kuma bango guda cur farin allo ne mai layi-layi, cike da 'yan maɓallai masu launi da ke mannewa a jikinsa, kowanne da lambar direba ko ta kwandasta. Shekara goma sha huɗu tana matsar da maɓallan nan. Haɗa direba da kwandasta ba wani abu ba ne, kowa ma zai iya. Gwanintarta ita ce raba su. Ta san wanda ba ya jure warin sigarin wane, ta san waɗanda suka taɓa cin kwalar juna a kan rediyon mota, ta san mutum biyu da suka nemi mace ɗaya tun kafin ita ta zo kamfanin. Irin waɗannan sai su shekara suna aiki a fili ɗaya ko a bakin famfo ba su haɗu ba. Manaja yakan ce tunda ta kama allon nan bai sake rabon faɗa ba, ita kuwa ba ta taɓa musa masa ba.

A gida sunanta Yaya, mahaifinsu kuma yana ce mata Babba, don ita ce babba cikin su uku. Mai bi mata shi ne Likita, wanda ba likita ba ne, kantin magani gare shi, amma tun yana sakandare yake sa mutane su fito da harshe yana dubawa yana girgiza kai, sai sunan ya bi shi. Sai Auta, mai walda, wanda ya haura arba'in amma har yau in ya shiga gidan Baba tukunya yake fara buɗewa. Waɗannan biyun shekara huɗu ke nan ba sa ga maciji da juna. Lokacin ciwon mahaifiyarsu na ƙarshe Auta yana wani aiki a nesa, ya kira yana tambaya ko ya taho, Likita ya ce masa ya kwantar da hankali ya ƙarasa aikinsa, jiki da sauƙi. Kwana biyu bayan nan ta rasu. Auta ya iso bai same ta ba, ya tsaya a gaban jama'a ya gaya wa yayansa baƙar magana, Likita ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Makonni uku da suka wuce, wata Lahadi, tana zaune a baranda tana yanke wa Baba farce, sai ya ce yana so a kai shi dutsen nan da ya yi aikin kafa turakun lantarki yana saurayi, a kuma zaga da shi birnin da ke gindinsa ya ga yadda ya koma. Tafiyar awa huɗu ce a mota. Asabar da Lahadi sun isa, in ji shi.

"Amma ku duka nake so," ya ce, yana kallon ƙafarsa da ke kan cinyarta. "Ke da ƙannenki da iyalansu. Tun ƙafafun nan suna ɗaukata."

Ta ce an gama, Baba. Bakinta ne ya riga kanta. Mutumin da tun tasowarsu bai taɓa roƙonsu ko kofin ruwa ba, yau ya buɗe baki ya roƙi abu ɗaya, da wace fuska za ta ce masa bari ta duba? Sai da ta fito ta zauna a motarta sannan ta gane girman abin da ta ɗauko wa kanta.

Tun daga ranar zama ya gagare ta. Tana cikin cin abinci sai ta ture faranti ta jawo biro. Tana wanke-wanke tana magana ita kaɗai. Ta fara da zauren hira na iyali da ke waya, wanda a gaskiya zaure biyu ne. Tun shekarar da abin ya faru ta buɗe su, suna ɗaya, hoton Baba ɗaya a goshinsu, guda da Likita da matarsa a ciki, ɗayan da Auta da tasa. Duk abin da ta rubuta a nan sai ta kwafa ta liƙa a can, kuma ko sau ɗaya hannunta bai taɓa kuskurewa ba. Ta jefa maganar tafiya a duka biyun, kafin la'asar wayarta ta yi zafi. Matar Likita ta ce ita dai birni, gidan tarihi da gidan namun daji da dogon titin nan mai kantuna, ba wanda zai sa ta hawan dutse kamar akuya. Matar Auta ta ce birni ai a cikinsa suke kwana suke tashi, a kai su inda za su shaƙi iska, akwai idon ruwa a can sama, akwai kuma akwatin nan mai tagogi da ake ja a jikin igiyar ƙarfe har ƙoli, yaranta sun gani a waya sun hana ta sakat. Mijin Yaya, da aka tambaye shi ra'ayinsa, ya ce shi zai tsaya gadin gida. Gidan nan shekara ashirin ko takalmi ba a taɓa ɗauka a cikinsa ba, amma ta ƙyale shi, don ta san ba ɓarayi yake tsoro ba, rigimar ƙannenta yake gudu.

Mazan biyu kuwa ba wanda ya ce uffan, dole ta taka ƙafa ta same su.

Ta fara da Likita, lokacin hutun rana. Ta tarar da shi a bayan teburin kantinsa cikin farar riga, yana zuba ƙwayoyi a 'yar leda yana rubuta wa wata tsohuwa safe da yamma a jiki. Ya bar ta tsaye har ya sallami mutum uku, don shi haka yake, ko gobara ake yi sai ya rufe kwalba. Da ta gama bayani ya cire tabarau ya goge shi da gefen riga.

"Shi ma zai je?"

"Baba ya ce mu duka."

"To, a gaida dutse, Yaya."

A nan ne ya kamata ta tsaya ta yi masa faɗa irin na babbar ya. Amma shekara goma sha huɗu tana jin irin wannan magana daga bakin direbobi, amsarta kullum a kan harshenta take. Ta ce masa ya bar mata wannan, zai je ya dawo ko ƙeyar Auta ba zai gani ba. Ya tambaye ta ta yaya. Ta ce ran da ya ga tana koya masa haɗa magani, shi ma ya zo ya koya mata tsara jadawali. Ya ɗan murmusa, ya ce in haka ne ba laifi.

Wajen Auta ya fi hayaniya amma ya fi sauƙi. Yana tsugunne a ƙofar shagonsa yana haɗa ƙyauren ƙarfe, tartsatsi na tashi, sai da ta kashe masa wuta daga bango ya ɗago. Ya tura baƙin gilashin zuwa goshi, ya saurare ta yana jujjuya guduma a hannu. Ya ce don Baba ko a ƙafa ne zai je, amma ba zai zauna mota ɗaya da mutumin nan yana jin numfashinsa ba. Ta yi masa alkawarin da ta yi wa wancan, ko kalma ɗaya ba ta canza ba. Ya ce ita ce fa Yaya, in ta faɗa ya yarda.

Ta koma ofis ɗauke da alkawari uku, kuma ko kaɗan ba ta lura cewa biyun na baya sun cinye na farko ba.

Akwai wani lungu a ƙasan allon da ba a amfani da shi. Nan ta goge ta ja layi biyu, Asabar da Lahadi, ta yanka su awa-awa. Gidan Likita ta ba su jajayen maɓallai, gidan Auta shuɗɗa, Baba ta ba shi fari guda ɗaya. Ranar Asabar ja su shiga birni, shuɗi su hau dutse, Lahadi a juya. Ƙananan motoci biyu za ta ɗauka, ɗaya ta tashi shida da rabi daga ƙofar Likita, ɗaya bakwai da kwata daga ƙofar Auta, don kada su yi kiciɓis a gidan man da ke rabin hanya. Masauki ɗaya kaɗai ta samu mai isassun ɗakuna, amma sai da ta kira mai karɓar baƙi sau biyar ta tabbatar ja suna hawa na ɗaya ta gabas, shuɗi suna hawa na uku ta yamma, kuma kowane ɓangare da matakalarsa. Karin kumallo ja su sauko bakwai, shuɗi takwas, da kwata guda a tsakani wanda ba na kowa ba. Baba kuwa safiya yana wajen waɗannan, yamma yana wajen waɗancan. Ƙarfe ɗaya na rana ita da kanta za ta ɗauke shi a tasi daga bakin gidan tarihi ta kai shi tashar akwatin igiya.

Abin bai zo da sauƙi ba. Ashe gidan tarihin ba ya buɗewa ranar Lahadi sai sha biyu, wannan ya tura shuɗi kan titin da ja za su biyo in sun sauko daga dutse. Ta matsar da gidan namun daji zuwa safe, sai ga shi lokacin ne ake wanke kejin. Ta kira tashar akwatin igiya ta tambayi minti nawa ake yi a hawa, da ko akwai benci a sama saboda tsoho, da abin da ake yi in iska ta taso. Suka ce in iska ta yi ƙarfi rufewa suke yi. Ta zana wani jadawalin na ranar iska. Daga taga zuwa allo, daga allo zuwa taga, haka take kai-komo, shayinta yana yin sanyi a kan tebur. Ranar Talata har ta tura wani direba ya ɗauki motar da ke gareji a kan duwatsu ba taya. Mutumin ya hauro bene yana dariya yana tambaya ko a kai zai ɗauko ta, ta kore shi.

Ranar Laraba da rana komai ya zauna. Ta ja da baya ta tsaya tana kallo. Kwana biyu, mutum goma sha ɗaya, birni guda, dutse guda, kowa ya ga abin da yake so, kuma babu inda ja ya shafi shuɗi. Tunda take ba ta taɓa yin jadawali mai kyansa ba. Ta buga shi a takarda da launinsa, ta sa a leda don kada ya yamutse.

Ranar Alhamis bayan an tashi aiki ta kai wa Baba. Da gangan ta zaɓi Alhamis, don Litinin ranar zuwan Likita ce, Laraba ta Auta. Ta same shi a teburin cin abinci da rediyonsa da kofin shayi. Ya rage muryar rediyon, ya sa tabarau, ya shimfiɗa takardar, ya fara bi da yatsa layi-layi kamar yadda yake bin zanen aiki a da. Ita kuwa ta kasa zama. Ta jera masa kwalaben magani daga dogo zuwa gajere, ta goge teburin da ba shi da datti, tana yi tana bayani, nan ne za a sha shayi, nan akwai benci, nan ta bar masa awa guda ya miƙe ƙafa.

"Wannan farin ni ne?"

"Kai ne, Baba."

"Ƙarfe ɗaya a sauke ni nan, a ɗora ni can." Ya gyaɗa kai. "Kamar buhun siminti."

Ta yi dariya, don ta ɗauka tsokana ce. Shi bai yi ba. Ya sake mayar da yatsa sama, ya bi Asabar har ƙasa, ya bi Lahadi har ƙasa.

"Nuna mini inda jan da shuɗin suke wuri ɗaya."

Ta sunkuyo da sauri, don a nan gwanintar take.

"Ai babu, Baba. Duba da kyau, ko minti ɗaya ba su..."

Sai ta ji abin da bakinta yake faɗa, ta tsaya.

Baba ya cire tabarau ya ajiye a kan takardar.

"Babba, dutsen nan na hau shi da turken lantarki a kafaɗa tun ba a haife ki ba. Ba kewarsa nake yi ba."

Bai ɗaga murya ba, shi dama ba ya ɗagawa. Ya tuna mata cewa shekara huɗu ke nan ɗaya yana zuwa Litinin ɗaya Laraba, kuma ba su suka zaɓi ranakun ba. Ya tuna mata bara da ya kwanta asibiti, ɗaya safe ɗaya yamma, ita tana tsaye a baranda da waya a kunne tana cewa ya tafi, kana iya shigowa. Ya ce a farko ya gode mata, don lokacin wuta tana ci, kuma da ba ta shiga tsakani ba da an yi abin kunya. Sannan ya tambaye ta, a shekara huɗun nan, sau nawa ƙannenta suka haɗu suka kasa gaisawa.

Ta buɗe baki za ta ba shi misali. Ta duba bikin sunan 'yar Auta, ta duba ranar da aka gyara rufin gidan nan, ta duba asibitin. Babu. Ko sau ɗaya ba su haɗu ba, kuma ta san wanda ya tabbatar da haka.

"To ta ina kika san ba za su iya ba?"

"Baba, faɗa za su yi. Ka san bakin Auta, ka san zuciyar Likita."

"Su yi mana. Su yi a gabana. Gara in ji muryoyinsu biyu a ɗaki ɗaya suna faɗa. Na gaji da ganin 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya kamar masu layin asibiti."

Ya mayar da takardar cikin ledarta a hankali, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce aiki ya yi kyau ƙwarai, amma in haka za a yi, su je su dawo lafiya, shi yana nan.

A mota haushi ne ya fara zuwa mata. Wa ya riƙe gidan nan shekara huɗu? Wa yake kwafar saƙo daga nan zuwa can, wa yake haddace ranar kowa da lokacin kowa, yayin da ƙattin biyu suke zaune suna kumbura? Ta kunna mota ta kashe, ta sake kunnawa. Kafin ta kai danjar farko haushin ya zube, kunya ta maye gurbinsa, irin kunyar da ke sa mutum ya ji zafi har kunnuwa. Ta ga kanta a tsaye a bakin ƙofa tsakanin ƙannenta, shekara huɗu, tana hana faɗa, tana kuma hana duk abin da kan biyo bayan faɗa.

Ranar Juma'a da safe ta isa ofis kafin masu shara. Ta kwashe ja da shuɗi da farin daga lungun allon ta zuba a aljihun tebur, ta goge layukan da gefen hannu. Ta soke ƙananan motocin biyu, ta ɗauki bas ɗin kamfani mai kujera goma sha takwas, ta sa sunan wani tsohon direba da ake kira Dogo. Ta kira masaukin karo na shida ta ce a tara su duka hawa ɗaya, ta ji mai karɓar baƙin ya sauke dogon numfashi. Sannan ta buɗe sabon zaure a waya ta zuba kowa da kowa a ciki. Sau huɗu tana rubutawa tana gogewa kafin ta tura.

"Gobe mota ɗaya ce, ƙarfe bakwai, ƙofar gidan Baba. Birni tare, dutse tare, tebur ɗaya. Na yi wa kowannenku alkawarin ba zai ga ɗan'uwansa ba, na karya. Laifina ne, ba na Baba ba."

Matan ne suka fara magana. Suka gaisa kamar jiya suka rabu, suka tambayi yara, cikin minti goma sun gama shawarar wadda za ta kawo filas da irin takalmin da ya dace da dutse. Matar Likita, mai cewa ba akuya ba ce, har tana tambayar ko akwai sanyi a sama. Yaya ta karanta ta ji wani abu ya soke ta, don waɗannan ma ita ta raba su ba tare da sun roƙa ba.

Sai ga kiran Auta. Tana ɗauka ta ji babu ƙarar ƙarfe a bayansa, ya bar aiki ke nan.

"Yaya, kin san abin da ya yi mini."

"Na sani."

"Kika ce in yarda da ke."

"Na ce."

Ya jira ta kawo wata dabara, ita ma ta ji dabarar tana taso mata a maƙogwaro, ta haɗiye. Ya kashe waya bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Likita kuwa ya karanta, ya fice daga zauren ba sallama. Ta kira shi sau uku bai ɗauka ba.

Ranar nan ba ta san abin da ta ci ba. Duk ƙarar waya sai ta yi wuf ta duba, ta ga direba ne yana neman canjin hanya. Da aka tashi ta biya ta titin kantin maganin. Ta hango shi ta gilashi yana miƙa wa wani kwalba. Ta wuce, ta zagayo ta shataletale, ta sake wucewa. Ta san in ta shiga abin da za ta ce masa: kai ka zauna gaba, shi ya zauna can baya, layi huɗu na kujeru a tsakaninku, in an tsaya kai ka fara sauka. Tsarin ya riga ya gama haɗa kansa a cikin kanta, har da wanda zai zauna kusa da taga. A zagaye na uku ta karya kan mota ta nufi gida.

Ranar Asabar ƙarfe shida tana ƙofar gidan Baba. Ta riga ta gaya masa ta waya cewa an canza tsari, amma ba ta gaya masa wa ya amsa ba, shi ma bai tambaya ba. Ta same shi a shirye a kan kujera a baranda, 'yar jakarsa a gefe, sandarsa tsakanin gwiwoyi, ya sa hular da yake ajiyewa don fita. Dogo yana goge gilashin bas yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ita kuwa ta duba tayoyi, ta duba ruwan sha, ta ƙirga kujerun da ta san yawansu tun shekara goma.

Bakwai saura ashirin Auta ya iso da matarsa da yara uku. Ya ɗaure fuska tamau. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ɗauki jakarsa ya sa a mota, ita ko kallo ba ta ishe shi ba, ya wuce can kujerar ƙarshe ya juya wa kowa ƙeya. Bakwai saura biyar tasi ta sauke matar Likita da 'yan matanta biyu. Ta matso kusa da Yaya ta ce a hankali, wai ya ce babu wanda zai riƙe masa kanti. Kowa a wurin ya san ma'aikata biyu gare shi. Baba ya ji, ya dafa sanda ya hau, ya zauna a bayan direba.

Bakwai ta yi. Dogo, wanda ya san Mai Allo takan rubuta sunan direba a kan lattin minti uku, ya kunna mota ya dube ta. Tana tsaye a bakin ƙofar bas ɗin, ƙafa ɗaya a kan matakala ɗaya a ƙasa, idonta a ƙarshen titi. Mai burodi ya wuce a keke. Wani maƙwabci ya buɗe ƙyaure ya fito da motarsa. Bakwai da minti goma, Dogo ya kashe injin ba tare da an ce masa ba. Bakwai da minti ashirin Baba ya ƙwanƙwasa gilashin taga da kan sanda.

"Shigo mu tafi, Babba. Kin yi naki."

Ta shiga ta zauna kusa da shi, ta ƙura wa bayan kujerar direba ido don kada hawaye su zubo. Da ta bar jadawalin nan yadda yake, da ko ba komai Baba ya ga 'ya'yansa maza biyu a tafiyar nan, ko da ɗaya bayan ɗaya ne. Yanzu ga shi ta jefar da rabin da ke hannu, cikakken kuma bai zo ba. Baƙin ciki ya cika mata ƙirji, ta rasa wanda za ta ji haushi sai kanta.

Suka ratsa gari ana buɗe shaguna, suka wuce danja uku da babbar gada, gidaje suka fara raguwa. Yara sun fara sabawa da juna a tsakiyar mota, matan biyu suna hira ƙasa-ƙasa. Sun yi kusan rabin awa a buɗaɗɗiyar hanya sai matar Likita ta waiga don ta karɓi filas, ta tsaya a haka.

"Ikon Allah," ta ce a hankali.

Yaya ta waiga. Wata ƙaramar mota mai ruwan toka tana biye da su. Mutum ɗaya ne a ciki, hannu biyu a kan sitiyari, tabarau a fuska. Ba ta matso ba, ba ta yi ƙoƙarin wuce su ba, ba ta kunna fitila ba, tana dai biye.

"Shi ne?" in ji Baba. Bai waiga ba.

"Shi ne, Baba."

Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Nan take kan Yaya ya fara aiki, a ina za a tsaya, wa zai fara sauka, wa za a aika sayen ruwa kafin wancan ya faka. Ta kifa wayarta a cinya, ta ɗora hannu biyu a kai, ta tsuke bakinta.

Dogo bai san abin da ake ciki ba. Ya ga hanya ta miƙe ba kowa, ga minti ashirin da aka ci masa, sai ya taka totur. Wata doguwar tirela ta shigo tsakani, ƙaramar motar ta ɓace a bayanta. Ga shi kuwa nan gaba kaɗan hanya take rabuwa biyu, ta dutse ta karya hagu, kuma babu allon da ke nunawa. Yaya ta san da haka, ta karanta hanyar nan har ta haddace. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai murya ta taso daga kujerar ƙarshe, ta wanda tun safe bai ce ƙala ba, kuma har yanzu fuskarsa tana wajen taga.

"Direba, rage gudu mana. Bai san hanyar nan ba, kuma shi ko ɓata ya yi ba zai tambaya ba."

Dogo ya ɗaga ƙafa, bas ɗin ya lafa, ya koma gefen hanya ya bar tirelar ta wuce. Suka ci gaba a hankali har sai da motar Likita ta sake bayyana a madubi.